Wata Bakwai Ina Rage Jiki Don Rijiya Guda

Jiya da marece ina zaune ƙofar gida na ji ɗayanku shina cewa ginin rijiya ba sana'a ba ce, rami ne kawai, kowa ya samu diga da ƙarfin hannu ya iya. Yau tunda kun zauna, ku saurara, don shekara arba'in da wani abu na yi cikin wanga aiki, kuma ban taɓa ganin rijiya biyu masu hali guda ba.

Ina ɗan shekara sha shida anka kai ni wurin Baba Ladan, babban maginin rijiya nan Wurno. Shekara uku ban sa ƙafa cikin rami ba. Aikina igiya: in ja bokitin ƙasa, in zubar nesa da baki, in duba kowane kamu na igiyar da safe ko ta fara tsinkewa. Na taɓa tambayarshi yaushe zan sauka. Ya ce, "Sai na ga yadda kake riƙe wani, kana in bari a riƙe ka." Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai sangwami na sarar ƙasa mai tauri, da gajeren diga mai ƙota kamu guda don doguwa ba ta juyawa cikin rami. Akwai igiya biyu, ta mutum daban ta ƙasa daban, ba a haɗa su ko da wasa. Sai kura, ƙarfen da igiya ke bi ta kanshi, da ake ratayawa bisa gwafa, da guntun icen da mai sauka ke zama a kai, da fitilar ƙwai.

Rijiyar farko da na sauka a Lahodu take, gaba goma sha takwas. Da safe kafin kowa ya shiga, Baba Ladan ya kunna fitila ya ɗaura mata igiya ya zura. Tana kai gaba goma sha biyar ta mutu. Ya jawo, ya sake kunnawa, ta sake mutuwa a wurin. Sai ya sa munka saro rassan dalbejiya, munka ɗaure su dami guda, muna ja sama muna saki ƙasa don iska ta canza, tun hantsi har azahar. Mai rijiyar ya tsaya shina faɗa wai muna ɓata mashi yini da wasan ganye. Baba Ladan ya miƙa mashi igiya ya ce in shina sauri ya sauka da kanshi. Bai karɓa ba. Masu ba da aiki haka suke har gobe. Suna son rijiya ƙofar ɗakinsu ko da ruwa ba nan shike ba, suna son ta tsukakkiya don ta yi araha, in kuma ta rufta da mutum su ce ƙaddara.

Abin da ba a gaya wa ɗan koyo, don yaro ba ya tunanin zai yi ƙiba, shi ne jikin mai sauka kayan aiki ne kamar sangwami. Mutum biyu ke riƙe da kai. Rami kuma ba ya buɗewa don ka zama babba.

Ni na manta da haka. Bayan rasuwar Baba Ladan aiki ya dawo hannuna, kuma shekarun sun yi kyau. Daga Wurno zuwa Rabah har gefen Goronyo, duk inda za a tona sai a ce a kira Ummaru. Na tara masu sauka huɗu. Ni sai in duba ƙasa, in zana da'ira, in koma inuwa. Kun san ƙauye in an kawo musu magini: fura da safe, tuwo da man shanu da rana, da dare a yanka zabo. Shekara goma sha biyu ban sauka rami ba. Ciki ya fito, wuya ya cika, mutane na cewa Ummaru ya samu duniya, ni ma ina jin daɗin ji.

Sai injin burtsatse ya shigo. Aikin da muke yi wata biyu, mota ta zo ta yi shi kwana biyu. Masu saukan nan huɗu sunka watse ɗaya bayan ɗaya, biyu sunka tafi noman albasa bakin dam, ɗaya ya sayi babur, ɗaya ya yi kudu. Ya rage daga ni sai Bawa, abokina tun muna koyo, da ƙanenshi Isah. Su biyun masu igiya ne, ba su taɓa sauka ba. In aiki ya zo, ni ne mai shiga.

Aikin ya zo ƙarshen bazara, daga wani ƙauye gaba da Maikujera, kan tudu. Tsohuwar rijiya ce, ba wanda ya san wanda ya gina ta, gaba ashirin da biyu, ta kusa ƙafewa. Suna son a yashe ta a ƙara mata zurfi. A gaba ta tara akwai marmara mai tauri wadda masu ginin farko sunka gaji da sara, sunka bar wurin a tsuke. Irin wurin muke ce ma wuya. Bawa ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Anya?" Na ce ya saki igiya.

Ƙafafu sun wuce. Cinya ta wuce da ƙyar. Ciki na kai wurin sai na tsaya cak, nauyina kuma ya ƙara tura ni ciki, dutse ya kama ni ta haƙarƙari. Ba ƙasa, ba sama. In na ja numfashi sai dutsen ya ƙara matsewa. Na yi kira, muryar ba ta fita sosai. Bawa da Isah sunka ja, ban motsa ba. Maza biyar sunka kama, Bawa ya hana su fizga don kada igiya ta tsinke bisa kura. Anka zuro min kwalbar man gyaɗa, na tsiyaya shi ta wuyan riga ina shafawa inda hannu ya kai. A ƙarshe raƙumin da suke jan ruwa da shi anka ɗaura ma igiyar, anka kora shi a hankali. Na fito babu riga, fatar gefena duk ta saluɓe, ga mai ga jini ga ƙasa. Garin duka na tsaye. Mata na rufe baki da gefen zane.

Bawa ya ja ni munka keɓe bayan wani rumbu. Ya ce, "Ummaru, ba ni ƙara sakin ka cikin rami da wanga jiki. In ka mutu hannuna, mi za ni ce ma Kulu?" Kulu matata ce.

Mai garin dattijo ne mai kunya. Ya same mu can, ya yi min sannu, ya ce, "Malam Ummaru, ruwan sama ya kusa, tabki zai riƙe mu. In rani ya shigo ka dawo. Aikin naka na, ba mu ba kowa."

Da na je asibiti a wanke min ciwon, ma'aikacin ya ɗaura min abin awo a hannu, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce jinina ya hau, in ban rage jiki ba ko ba rijiya ina cikin hatsari. Ya lissafa min: ban da sukari, ban da shayi da burodi, mai kaɗan, tuwo malmala guda, kuma in ci da wuri kafin magariba, kada in kwanta da cikakken ciki. Ya ce in riƙa tafiya har in yi zufa.

Bawa ya yi nashi. Kafin mu baro ƙauyen ashe ya zura kara ya auno faɗin wuyan rijiyar. Ya kai ma maƙeri, anka lanƙwasa rodi daidai awon, ya kawo zoben ya rataye min a zaure. Ya ce, "Ran da ka wuce cikin wanga daga kai har ƙafa, ka aiko a kira ni." Na gwada ranar. Ya tsaya min bisa ciki kamar an ɗora faifai kan tulu.

Ga yadda na yi, in kuna son sani. Ina sallame asuba in saɓa naɗin igiya a kafaɗa, in bi hanyar fadama har bakin gulbi in dawo, ba tsayawa gaisuwa. Gonata da na saba sa 'yan ƙwadago, na kama fartanya da kaina. Da la'asar akwai wata busasshiyar rijiya bayan gari, gaba huɗu, mai ramukan taka ƙafa. In sauka in hau, in sauka in hau. Ran farko sau biyu na yi na kwanta ƙasa ina haki. Kafin kaka ina yin sau goma sha biyar.

Duk wannan bai kai dare wuya ba. Yunwar rana ba baƙuwa ba ce, azumi ya koya mana ita. Amma azumi na da magariba. Wagga ba ta da. Na ci malmalata guda tun rana ba ta faɗi ba, in yi isha'i, in kwanta. Jikin da ya wuni shina hawa da sauka sai lokacin shike tambayar haƙƙinshi. Wajen sha ɗaya ciki ya fara ƙugi. Wajen ɗaya in farka kamar an tashe ni, baki ya yi ɗaci, gwiwa na sanyi, wani abu na tsotsa ƙarƙashin ƙirji. Gidanmu kusa da mai tsire shike, iska in ta juyo sai ta kawo min ƙamshin ƙuli da kitse har kan tabarma. Na san lokacin da shike kwashe wuta. Na san lokacin da maƙwabciya ke fara jiƙa shinkafar masa. Mutum mai yunwa kunnenshi da hancinshi ba su barci.

Na gwada dabaru. Ruwan ɗumi kofi biyu shina riƙe mutum rabin awa, kana ya tashe shi fitsari. Goro na kashe yunwa amma shina kashe barci, sai ka zauna ido biyu da ita. Yalo da kokwamba sun fi, in akwai. Kulu kan dafa min zogale ba mai ba ƙuli, ta rufe a kwano kusa da kaina, in ci cikin duhu kamar akuya. Wani dare in tashi in yi alwala in yi nafila, kuma ba zan ɓoye muku ba, ba don yawan ibada ba ne, don lokaci ya wuce ne.

Sau ɗaya na karya. Cikin wata na uku ne, ranar na yi huɗa tun safe. Muna da jikoki biyu a hannunmu, Kulu kan ajiye musu sauran tuwo don ɗumamen safe kafin makaranta. Na tashi tsakar dare da niyyar shan ruwa, na iske kaina tsugune gaban tukunya. Na ce loma guda. Ban ɗumama ba, ban nemi miya ba, ban ko zauna ba. Da na dawo hayyacina ina kankare ƙanzo da farce. Da safe yaran sunka buɗe tukunya ba komai. Ƙaramar ta fara kuka. Kulu ta dubi tukunyar, ta dube ni, ta ce musu, "Ɓera na, ban rufe da kyau ba." Ta fita ta sayo musu koko. Daga ranar ɗakinta take kwana da tukunyar, ta sa sakata. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba.

Jiki ya fara sauka. Tare da shi magana ta tashi a gari. Ku kun san mu: in mutum ya yi ƙiba an ce ya samu, in ya rame an ce wani abu ya same shi. Wasu sunka ce ciwon suga, wasu sunka ce sammu, wasu sunka faɗi wanda ya fi wannan muni. A masallaci sai in ga ana min sannu da murya ƙasa-ƙasa. Yayata ta zo daga Rabah da ƙullin magani ta zauna tana hawaye. Na ce mata da gangan nike yi. Ta ce, "Wa ka taɓa gani ya rame da gangan?"

Maganar ta ci min aiki. Wani Alhaji a Gandi ya aiko shina son rijiya cikin garkarshi, wato lambunshi, ƙasa mai laushi, ruwa kusa, aikin da zan iya ko ido rufe. Na je. Rigata ta dā ce a jikina, tana lilo. Ya daɗe shina kallona, kana ya ce, "Malam Ummaru, ka je ka huta. In ka samu sauƙi ma yi magana." Na ce lafiyata lau, na fi shekara goma ban ji ƙarfi irin na yanzu ba. Ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi." Ya sa anka rako ni bakin hanya. Da ina da ciki ba ni wucewa rami, da na rage shi ba a yarda a ba ni ramin.

Ban bari ba, don akwai rijiya guda da anka ce tawa ce. Duk Juma'a in gwada zoben. Ya sauka daga saman ciki zuwa cibiya, ya daɗe nan har na fara cewa maƙerin ya yi kuskure. Cikin wata na bakwai, bayan an gama ɗaurin gero, wata safiya na sa shi ta kai, na saki numfashi, ya zame ya faɗi ƙasa da ƙara. Na sake, ya sake faɗi. Na aika anka kira Bawa. Ya sa na yi gabanshi sau uku. Kana ya ja ni kasuwa wurin masu sikelin albasa, ya sa na hau, ya yi lissafinshi na abin da shi da Isah za su iya riƙewa. Ya ce, "To. Jibi."

Munka ɗauki mota har Maikujera, sauran hanya munka taka da kaya a kai. Tun daga nesa na hango abin da babu shi zuwanmu na farko: tanki bisa dogayen ƙarafa, faifan hasken rana na walƙiya gefenshi, mata sun yi layi da jarkoki. Isah ya tsaya. Bawa ya ce mu dai ƙarasa.

Mai gari na zaune ƙofar gidanshi. Na yi sallama, ya amsa kamar ga baƙo. Sai da Bawa ya yi magana ya gane mu. Ya ce, "Ashe kai na, Malam Ummaru? Mun ji an ce kana kwance." Na ce ga ni tsaye, rani ya shigo, na zo. Ya sunkuyar da kai. Ya ce wani mai neman kujera ne ya kawo musu burtsatse, tun kafin kaka, kwana uku anka yi anka gama. Ya ce ya yi niyyar aikawa, sai ya ji labarin rashin lafiya, ya ga bai kamata a dame ni ba.

Wata uku ke nan. Wata uku ina juyi bisa tabarma don rijiyar da ba mai jiranta.

Na ce a bar ni in duba ta. Ya ce yadda na so. An jera mata 'yan itace a baki, awaki na kwance gefe. Munka kafa gwafa, munka rataya kura, na zura fitila ta kai ƙasa da wutarta. Na zauna bisa ice, Bawa ya saki. Ina ƙidaya gaba. Bakwai, takwas. A ta tara na ga marmarar, har da baƙin tabon man gyaɗa a jikinta. Na wuce. Ko rigata ba ta taɓa dutse ba.

A ƙasa na iske ledoji, da fasasshen bokiti, da takalmin yaro, da ƙashin wata dabba. Na ture su gefe na kafa sangwami. Kamu guda yashi ya yi sanyi. Kamu biyu ya fara tsattsafo, ruwa garau. Na ɗiba da tafi na sa a baki, mai daɗi, ba gishiri ba kanwa. Aikin yini biyu ne, da rijiyar ta ƙara shekara talatin.

Na hau na gaya wa mai gari. Na ce injin lalacewa shike yi, ranar da ya tsaya za su nemi wagga. Ya ce gaskiya ne, Allah shi saka da alheri, amma mutane ba za su haɗa hannu don rijiya ba ga famfo na zuba. Kana ya ce, "Tunda kun zo da ƙarfinku, ko za ku taimaka ku rufe muna ita da kyau? Muna tsoron yara." Bawa ya juya baya. Ni na ce a kawo itace. Munka jera gumagumai, munka shimfiɗa kwano, munka bi da ƙasa munka daddaɓe. Na rufe ta yadda Baba Ladan ya koya min rufe rijiya, yadda ko saniya ta taka ba ta burmawa. Anka kawo mana fura. Bawa da Isah sunka sha. Ni hannuna bai miƙa ba, wata bakwai sun hana shi.

Bara injin nasu ya tsaya, sunka aiko in zo in buɗe musu rijiyar. Isah ƙafa ta hana shi tsayuwa, Bawa kuma ya rasu da azumin da ya wuce kafin nan. Ba ni da wanda zan ba igiyata. Na ce su nemi wani. Ban ji sun samu ba.

Amma daren da munka dawo daga rufe ta nike son ku ji. Na shiga gida bayan isha'i na ce ma Kulu ta tuƙa tuwo, ta sa man shanu, ta aika a sayo tsire, yau ba awo. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ga kayan aiki sun dawo ba laka. Ta jera min komai bisa tabarma, malmala uku, miya na ƙyalli, nama na tururi cikin takarda. Na wanke hannu. Na yi loma ta farko, ta biyu, ta uku. A ta biyar ciki ya rufe. Na tsaya, na sha ruwa, na sake gwadawa, ya ƙi. Ya tsuke, ba ya karɓa. Na zauna ina kallon abincin da na yi wata bakwai ina mafarki, shina hucewa gabana.

Kulu ta jira har man ya daskare bisa miya. Kana ta ce, "In ɗauke?"

Na ce ta ajiye ma yara.